Ranar da Baiwa Ta Kira Ɗanta a Bakin Rami

Shekara ashirin da ƴan kai Baiwa ta yi da ɗanta na fari a duniya, bakinta bai taɓa furta sunansa ba, sai rana ɗaya, a bakin wani bututun ƙarfe a bayan tsaunukan Inugu. Ina wurin, ni na riƙe mata mayafi. Sunana Hajaratu, rumfar tuwona tana jikin tata a kasuwar shanu ta Garki, kuma ɗakunanmu bango ɗaya ya raba su. Saboda haka duk wanda zai ba ku labarin Baiwa in ba ni ba, ji ya yi, ni kuwa gani na yi.

Baiwa ƴar ƙasar Kano ce, daga wani ƙauye wajen Gwarzo, a hannun kakarta Bafillatana ta tashi. Mijinta Gwadabe mahauci ne, shi ya kawo ta Inugu tun zamanin Turawa, tana amarya. A nan ta haifi Awwalu, daga baya ta haifi Ramlatu. Kowa ya san kunyar ɗan fari a wajenmu, ni ma na yi wa nawa daidai gwargwado. Amma irin ta Baiwa, wallahi ban taɓa gani ba. Mu mukan laƙaba wa yaro wani suna mu riƙa kira, ita ko laƙabin babu. Sai dai "wancan" ko "yaron nan". Yana zaune a gabanta za ta juyo ta ce da ni, "Hajaratu, ce da wancan tuwo na hucewa." Ni kuwa in ce, "Yaya, kunnensa ya toshe ne, ko ni aka ɗauka ɗan aike?" Sai ta murmusa ta ci gaba da tuƙi. Ramlatu kuwa har mahautan kwata sun haddace sunanta, don daga safe zuwa magariba ana kwaɗa mata kira.

Kada ku ce ba ta son sa. Ƙashi mai ɓargo ba ya taɓa shiga kwanon mai saye, komai kuɗinsa. A ƙasan tukunya take ɓoye shi, in yaron ya zo ta tsamo ta sa masa, tana kallon wani wajen kamar ludayi ne ya yi kuskure.

Da rikicin da ya jawo yaƙin basasa ya tashi, Hausawa suka yi ta tururuwa zuwa tashar jirgin ƙasa don komawa Arewa, a lokacin Awwalu bai fi shekara goma sha uku ba. Turereniya ta raba shi da iyayensa a bakin tarago. Gwadabe ya yi ta kiran sunansa har muryarsa ta dushe, ita kuwa tana tsaye riƙe da hannun Ramlatu, idonta na yawo cikin jama'a, bakinta na motsi babu sauti. Jirgi ya tashi ba shi. Yaron ya koma unguwa a guje, wani maƙwabcinsu Ibo mai aikin ramin kwal, Papa Ede, ya jawo shi cikin gidansa ya rufe ƙofa. Duk tsawon yaƙi a ƙauyensu ya riƙe shi, ya ce wa mutane ɗan ƙanwarsa ne, suka ci yunwa tare. Allah ya saka wa mutumin nan, ni dai ba ni da bakin gode masa.

Gwadabe bai ga ƙarshen yaƙin ba, ciwon zuciya ya ɗauke shi a Kano. Ana buɗe hanya Baiwa ta ɗaure kayanta. Dangi suka yi ca a kanta, me za ki koma yi, mace ba miji? Ta ce tukwanenta ta baro. Tukwane! A bayan motar shanu ɗaya muka dawo da ita, kuma tun daga Makurɗi ba ta sa komai a bakinta ba.

Mun sami gidajenmu da wasu a ciki, wasu ba rufi. Muna tsaye a bakin tsohuwar rumfarta sai ga Papa Ede tafe da wani dogon saurayi ramamme, yana Ibo kamar a bakinsa aka yi shi. Ni na fara kurma ihu, na rungume shi ina kuka kamar ni na haife shi. Yaron ya durƙusa ya ce, "Iya, sannu da hanya." Baiwa ta dube shi sau ɗaya, ta kau da kai, ta ce, "An girma." Shi ke nan. Na ji kamar in mare ta. Sai da ta sunkuya ɗaukar ƙullin kayanta na ga sau uku tana kai hannu tana kuskure shi.

Awwalu bai koma fawa ba. Abin da ya gani a hannun uban riƙonsa shi ya bi, ya shiga ramin kwal, a wata mahaƙa da ke bayan tsauni. Shi kaɗai ne Bahaushe a cikinsu, mahauta suna tsokanarsa wai ya bar jan nama ya kama baƙin dutse. Yakan dawo da la'asar, ba abin da ke fari a jikinsa sai ido da haƙori. Ya tuɓe kayan aikin ya jefa bayan ɗaki, da safe ya tarar an wanke an shanya. Ya taɓa yi mata godiya, ta ce da ni, "Ce masa hanya suka tare mini." Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa, samari duk sun tafi Fatakwal, jiragen ƙasa ma sun koma shan mai, kwal ya zama abin da ba a waiwaya. Katakon da ke tokare rufin rami ya tsufa, famfunan zuƙe ruwa yau lafiya gobe ciwo. Awwalu ya sami alkawarin aiki a tashar jiragen ruwa ta hannun wani abokinsa a Diobu, wata unguwa a Fatakwal, ya ce bayan damina zai tafi. Baiwa ta fara tara masa yaji da kuka a gwangwani ba tare da ta ce na wane ne ba.

Daminar ba ta ƙare ba. Wata safiya, bayan an kwana biyu ana ruwa, muna cikin kwasar tuwo sai ga wani mai keke ya shigo Garki yana ihu cewa rami ya rufta da mutane. Baiwa ta ajiye mara a hankali, ta goge hannu, ta yafa mayafi. Ba ta ce mini in zo ba, ni ma ban tambaya ba, na bi ta.

Kai jama'a, ranar na ga tashin hankali. Matan Ibo suna birgima a cikin jar laka, kowace tana kiran sunan mijinta ko ɗanta. Maza suna haƙa daga bakin ramin, amma ƙasar da ta zubo ta yi nisa, kuma ba wanda ya san ta ina mutanen suke, ko ma suna da rai. Papa Ede ya riga ya bar aiki saboda tsufa da tari, amma yana can da tsohuwar hular kwanonsa yana ɗibar ƙasa da hannu.

Washegari aka samo taimako daga masu neman mai da ke aiki ta hanyar Fatakwal. Suka zo da babbar mota da injin haƙa, da wani injiniya ɗan Ibo, siriri, mai haƙuri. Ya fito da wasu abubuwa kamar gwangwanayen madara masu tsini a gindi, aka bi saman tsaunin ana caka su a ƙasa, kowanne da wayarsa, duk wayoyin suka haɗu a wani akwati. Shi kuma ya sa abin ji a kunne ya zauna. Da yake ina jin Ibo da Turancin kasuwa, ni na riƙa fassara wa mutanenmu. Ya ce da wannan suke jin motsin cikin ƙasa in suna neman mai, kuma in mutum ya buga dutse ko ƙarfe a can ƙasa, zai ji, har ya gane ta wajen da bugun ya fi ƙarfi. Ga ƙa'idar aikin: za a doki ƙarfen dogon da ya shiga cikin ramin da guduma, sannan a kashe kowane inji, har famfon ruwa, kowa ya yi tsit, a saurara. Ban taɓa sanin taron mutane haka zai iya shiru ba. Uwa ta toshe bakin jaririnta da nono, ana jin ɗigar ruwa daga ganye.

Can sai injiniyan ya ɗaga hannu. Ya ji bugu. Aka yi ta matsar da gwangwanayen har ya tsaya a wuri ɗaya ya ce a haƙa nan. Suka huda ƙasa, huda ƴar siririya wadda ko kan yaro ba zai shiga ba, suka zura bututu, suka saukar da waya mai ɗauke da makirufo da ƙaramar lasifika. Da muryar mutum ta fito daga cikin akwatin nan, mata suka zube. Aka riƙa saukar musu da ruwa da kunu a kwalabe, suna faɗin sunayensu ɗaya bayan ɗaya, duk sunan da aka faɗa sai guɗa da kuka su tashi a wani gefe. Aka gama ba a ce Awwalu ba.

Na kutsa na tambaya. Na ƙasan suka ce yana can gaba da su, ya tura kurar ɗibar kwal cikin lungu lokacin da rufin ya sauko, tulin duwatsu ya raba su. Ranar farko sun ji yana bugu, daga baya ya daina. Shugaban masu ceto ya yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye. Su waɗannan za a iya kai musu ta wata tsohuwar hanya ta gefe. Amma zuwa wajen Awwalu sai an sa mutane sun rarrafa ƙarƙashin ruɓaɓɓen rufi, ruwa kuma na tasowa. Ba zai tura masu rai su mutu don ɗauko gawa ba. In yaron ya nuna yana da rai, ko da bugu ɗaya ne, za su shiga. Na so in zage shi, amma na rasa ta inda zan kama, don gaskiya ya faɗa.

Na ƙasan suka cusa lasifikar cikin wata kafa a jikin tulin duwatsun, ta fuskanci inda yake. Papa Ede ya kira shi da Ibo. Aka kashe inji, aka saurara, shiru. Limaminmu ya kira shi, ya yi masa sallama, shiru. Ni ma na karɓa na kwarara masa kira har da zagi, na ce tashi don ubanka, uwarka na tsaye a rana. Shiru. Ramlatu tana aure a Anacha, saƙo bai ma kai gare ta ba. Sai injiniyan ya ce wanda ya galabaita yakan nutse cikin wani irin barci, ba kowace murya ke kai masa ba, amma sau da yawa ta uwa takan kai. Ya tambaya ina uwarsa.

Na jawo Baiwa. Ya miƙa mata makirufo, ta riƙe da hannu biyu kamar an ba ta garwashi. Ga liman, ga mahauta, ga dattawan unguwa, duk ido a kanta. Ta kai shi baki ta ce, "Kai. Ana magana. Ka amsa wa mutane." Aka kashe inji. Babu komai. Injiniyan ya durƙusa a gabanta ya ce, "Mama, call im name." Na ce, "Yaya, cewa ya yi ki kira sunansa." Ta buɗe baki, na ga harshenta ya ɗaga, na ga wuyanta na motsi. Sai ta mayar masa da abinsa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fita daga cikin taron. Matan Ibo suka bi ta da kallo, wata ta ce anya ita ta haife shi.

A hanya ban raga mata ba. Na ce, "Yaya, wace irin zuciya ce da ke? Kunyar wa kike ji? Liman? Shi ya yi miki naƙuda? Yaro na ƙarƙashin ƙasa, ke kina nan kina kunya! Kin bar shi a tasha, yau ma za ki bar shi?" Wannan ta ƙarshen ta yi zafi, na sani, kuma da gangan na faɗa. Ta tsaya cak a gefen hanya, motocin kwal na wuce mu. Ta ce, "Hajaratu, na buɗe baki, ƙin fitowa ya yi. Ban san yadda ake faɗarsa ba." Sai hawaye. Ta ce tun kafin a kai ta gidan miji kakarta ta zaunar da ita ta ce na fari ba naki ba ne, kada ki kira, kada ki kalla a gaban mutane, in kika nuna shi ido zai bi shi. Ta ce, "Duk shekarun nan gani nake ɓoye shi nake yi. Ya tsira a yaƙi, na ce shirun nawa ne ya yi aiki. Yanzu in na kira, ya tafi fa?" Na kama hannunta muka tafi gida.

Da gari ya waye na leƙa ɗakinta ba ta nan, murhu ko wuta ba a hura ba. Na same ta a kan tsaunin, ƙafafunta duk laka, a ƙasa ta tako. An riga an fito da sauran mutanen, ana ɗaukarsu a mota zuwa asibiti. An yi shawarar janye waya a kashe famfo, yaran injiniya har sun fara naɗe igiyoyi. Papa Ede na zaune a kan dutse ya haɗa kai da gwiwa. Baiwa ta wuce kowa, ta tsaya gaban injiniyan ta miƙa hannu. Ya mayar da wayar cikin akwati ya ba ta makirufo. Ta zame mayafin daga kanta ta miƙo mini.

Kiran farko ko ni da ke kusa da ƙyar na ji. Sai ta ja numfashi ta sake. "Awwalu." Muryar ta fashe a tsakiya. "Awwalu! Awwalu, ni ce. Ka tashi." Injiniyan ya ɗaga hannu, aka kashe famfo, kowa ya ƙame. Mun daɗe a haka, har na fara cewa a raina shi ke nan. Sai na ga mutumin ya runtse ido ya danna abin jin a kunnensa. Ya cire, ya sa wa Baiwa a kai da hannunsa. Ban ji abin da ta ji ba, fuskarta na gani. Ta ce, "Yana bugawa." Ta zauna daɓas a cikin laka.

Shugaban masu ceto ya cika alkawari. Suka shiga, suna tokare rufi suna ci gaba, har rana ta karkata. Suka buɗe wata ƴar kafa wadda sai mai ƙaramin jiki, Papa Ede ya ture samarin ya ce shi ya raine shi, shi zai shiga. Wani ya tsaya a wajen makirufon da ke ƙasa yana isar mana da abin da tsohon ke faɗa. Ya same shi da rai, amma katakon rufi da dutse sun danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa, ruwa ya kai masa ƙirji, da wani guntun ƙarfe a hannunsa. Aka ba shi ruwa ya sha. Sai mai isar da saƙon ya ce, "Yana tambaya, wace ce ta kira shi ɗazu?"

Wayyo Allah. Yaron ya san muryar uwarsa sarai, sunansa ne bai taɓa ji a cikinta ba, shi ya sa ya kasa gaskatawa. Na karɓi makirufo na ce a gaya masa Iya ce, ba wata ba. Aka ɗan jima, sannan saƙo ya dawo. "Ya ce ta ƙara."

Ta ƙara. Ta yi ta ƙarawa, a gaban liman da mahauta da duk wanda ke wurin, ba ta ko san suna nan ba. Awwalu, ana zuwa. Awwalu, na ajiye maka ƙashi. Awwalu, yajin nan na gwangwani naka ne. Duk abin da ta shekara ashirin tana aiko ni da shi, ranar da bakinta ta faɗa. Su kuma a ƙasa suna fama da katakon. Kafin su ɗaga shi, sai muka ji muryar Papa Ede da kansa a cikin akwatin, yana cewa ta huta haka. Ya ce idon yaron a buɗe yake, kansa a karkace wajen lasifikar, yana saurare har ya cika.

Aka binne shi a maƙabartar Hausawa kafin magariba. Ranar sadakar uku Papa Ede ya zo gaisuwa, ya zauna a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Baiwa ta ce in tambaye shi, da ta kira tun ranar da aka fara ba ta makirufo, da an cece shi? Tsohon ya ce Allah kaɗai ya sani. Na fassara mata yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ni ma ban sani ba, kuma har yau ba na son in sani.

Ramlatu ta yi ta roƙonta ta koma Anacha wajenta, dangi suka aiko daga Gwarzo, ta ƙi. Ta ci gaba da tuwonta a Garki har ƙarfinta ya ƙare. An rufe mahaƙar ba da daɗewa ba, ciyawa ta cinye bakin ramin. Ba ta yi hauka ba, kada wani ya gaya muku haka, cinikinta daidai, sallarta daidai. Abu ɗaya ne kawai. Kullum la'asar ta yi, lokacin da masu aikin rami kan dawo, sai ta ajiye ludayi ta juya wajen tsaunin ta kira shi, ba da ƙarfi ba, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Ranar da na fara ji na ce, "Haba Yaya," zan ci gaba da magana. Ta ɗaga mini hannu irin yadda injiniyan nan ya yi.

Ta ce, "Yi shiru, Hajaratu. In an kira, saurarawa ake yi."